Sawun da Ya Fita ta Ƙofar Ratu

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Talata aka gane akushin yagona na gidan mai garinmu, Ratu Osea, ya ɓace. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na duba agogo, na sallami ɗalibaina daga rawar tarbar baƙi a bakin teku, sai muka jiyo ihun matar Ratu daga cikin gari.

Akushin ba ƙarami ba ne. Ƙafafunsa takwas, da igiyar zaren kwakwa mai fararen wuri a bakinta, wadda ake miƙewa ta fuskanci mai gari duk lokacin da za a sha. Yagona abin shanmu ne na gargajiya da ake damawa daga dakakkiyar saiwa. Yagonar da aka dama a cikin akushin fiye da shekara ɗari ta bar masa wani shuɗin ƙyalli kamar cikin kwanson kawa. Ba a naɗa kowa a garinmu Nukusawa, ba a sasanta kowa, sai a gabansa.

Ran nan kuwa ranar Balbela ce. Haka muke kiran farin jirgin da ke zuwa mana sau ɗaya a wata da baƙi talatin da shida, masu kuɗin da suka gaji da manyan jirage. Suna sauka da safe, su kalli rawa, su ci kifin da muka gasa a rami, su yi iyo, su tafi. Dole jirgin ya tashi ƙarfe huɗu, lokacin da teku ta cika, in ba haka ba mashigar da ke tsakanin duwatsun murjani ta rufe masa sai gobe.

Semesa ne ya kawo mana jirgin tun farko. Shi ne shugaban masu kula da baƙi a cikinsa, kuma ɗan ƙanwar Ratu ne, wato vasu. A wajenmu ɗan 'yar'uwa ba shi da shamaki a gidan kawunsa, abin da ya gani ya so nasa ne. Ko da safiyar nan ma, da saukarsa ya zare sabuwar laimar Ratu daga hannunsa ya miƙa wa wata baƙuwa, tsohon yana ta zaginsa, gari na dariya.

Yanzu babu mai dariya.

Waisale mai unguwa ne ya fara cewa, "Ina Vilikesa? Wa ya gan shi a wajen rawa?"

Babu wanda ya gan shi. Aka zagaya ƙofar ƙasa, wadda mu talakawa muke shiga ta ita, sai ga sawu a yashi, ƙafar hagu babu ƙaramin yatsa. Gari duka ya san wanda gizago ya cire wa wannan yatsan. Vilikesa masassaƙi ne, yana sayar wa baƙi ƙananan akusa, kuma ya taɓa yin shekara biyu a gidan yari a Suva, babban birnin ƙasarmu, saboda injin kwale-kwalen da ba nasa ba. Shekara shida da dawowarsa bai taɓa ko allurar wani ba, amma a cikin minti biyar an manta da shekara shidan.

Ratu Osea ya zauna a kan tabarmarsa yana kallon wurin da akushin ya saba zama. Bai ɗaga murya ba.

"A sa shi a jirgi," in ji shi. "Kyaftin ya miƙa shi ga 'yan sanda a Suva. Kada ya sake taka yashin nan."

Ni na koya wa Vilikesa riƙon fensir. Na durƙusa, na yi tafi uku kamar yadda aka saba.

"Ratu, a ba ni zuwa ƙarfe uku. In kira Torika."

Ratu ya dube ni. "Ƙarfe uku, Malam Inoke. Ba uku da minti ɗaya ba."

*

Na sami Torika a bakin ramin gashi tana ɓare kaguwa da haƙori. Shekararta sittin da biyu. Mahaifinta mafaraucin aladun daji ne da bai haifi namiji ba, sai ya koya mata karatun ƙasa, wato bin sawu. Ita ke gano inda kunkurun teku ya binne ƙwai, da akuyar da ta ci rogon wani, da yaron da ya ce ya je makaranta bai je ba. Taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, don haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Mai alli," ta ce, "ka zo da gudu kamar an ce za a duba makaranta."

"Uwar kaguwa, ajiye ɗanki ki taso. Za su tura Vilikesa Suva."

"Na ji. Ba shi ba ne."

"Ko sawun ba ki gani ba tukuna."

"Shi ya sa zan tashi." Ta goge hannu a zanenta. "Ka hana mutanen nan tattake min littafi. Kuma ka yi sauri, teku na cikowa, ita ba ta jiran ƙarfe uku."

A ƙofar ƙasa ta tsuguna, ta kalli sawun mai yatsu huɗu daga gefe, inda inuwa ke cika shi.

"Waisale, zo nan, tunda kai ka kama ɓarawo. Ina sawun da ya shiga?"

"Ga shi nan."

"Wannan ya zo bakin dokin ƙofa ya tsaya. Ga inda ya zauna, ga duwawunsa, ga dugadugansa. Ga kuma inda ya tashi ya tafi. Ka auna zurfin na zuwa da na tafiya da ɗan yatsanka."

Waisale ya auna, yana gunaguni. "Ɗaya ne."

"To akushin Ratu ya zama ganye kenan? Ni da kai muka taɓa ɗaukarsa ranar naɗi, ka kwana biyu kana shafa man kwakwa a baya."

Mata suka yi dariya a bayan hannu. Waisale ya ce mai yiwuwa ya miƙa wa wani ta taga. Torika ta miƙe tsaye. Ta zagaya gefen gidan, inda ƙofar Ratu take, mai dutse a gabanta. Babu wanda ya duba can, domin babu ɗan Nukusawa da zai yi tunanin bin ta. Ni kaina shekara talatin ina garin nan, hannuna bai taɓa taɓa marfinta ba.

Can sawun yake. Takalmi ne na roba mai zane kamar haƙoran zarto, irin wanda Balbela ke raba wa duk wanda ke cikinta, baƙo da ma'aikaci, don kada murjani ya yanke su. Sawun zuwa marar zurfi. Na fita ya nutse har gefensa ya rufta.

"Baƙo ne!" in ji Waisale, kamar shi ya gano.

"Ɗazu Vilikesa ne," in ji Torika. Ta yanki ganye ta auna tsawon sawun, ta naɗe ta soke a gashinta. "Mai alli, biyo ni. Ku sauran ku tsaya."

*

Sawun ya bi bayan gidaje, ya wuce coci, ya nufi makarantata. Torika na tafe a gefensa, hannu a baya, kamar ni idan ina duba jarrabawa.

"Karanta min," ta ce.

"Takunsa gajeru ne. Ƙafafun a ware."

"Me ke sa mutum ya yi tafiyar agwagwa?"

"Kaya a gabansa, yana dukan gwiwarsa."

"Ashe allin bai cinye maka ƙwaƙwalwa duka ba."

A gindin mangwaron da ke bayan shingen makaranta, inda iyakar gari take, ta tsaya. Ga ƙananan ramuka takwas a zagaye, an ajiye akushin a nan. Daga nan kuma tafiyar ta sake. Takun ya yi tsawo, ƙafafun suka haɗe, ta dama ta fi ta hagu nutsewa.

"Ya huta ne," na ce, "ya ɗora a kafaɗa."

"Daga gidan Ratu zuwa nan taku nawa ne?"

"Zai kai ɗari uku."

"Ɗari uku yana wahala da shi a hannu, ana rawa a bakin teku, kowane lokaci wani na iya dawowa ya gan shi. Kafaɗar tana ina duk wannan lokacin?"

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu. "Riƙe amsarka. Ka sani na sani. Mu ga ƙarshensa."

Ƙarshen bai yi mana daɗi ba. Sawun ya gangara zuwa ɗan lungun yashi inda ma'aikatan jirgi ke kafa tebura da laimomi. Ruwa ya riga ya fara lasar gefensa, kuma a wurin akwai sawun takalmin zarto fiye da ɗari, a kan juna. Wata ma'aikaciya tana naɗe tawul ta ce mana kwale-kwale ya riga ya kai manyan kwandunan tawul jirgi tun kafin sha biyu.

Torika ta kalli Balbela a kan ruwa. "Akushin yana can," ta ce. "Amma mu fara ganin ɗalibinka."

*

A ajina aka ajiye Vilikesa, samari biyu na tsaye a ƙofa. Yana zaune a kan kujerar 'yan aji biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Da ya gan ni ya yi yunƙurin miƙewa, kamar da.

"Zauna," na ce. "Me ya kai ka gidan Ratu?"

"Malam, ƙafafun nake kallo." Ya nuna da hannu. "Ina sassaƙa wani babba, wata uku kenan, na kasa gane yadda tsoffin suka karkata ƙafafun. Idan mutane na nan ba na iya zama in yi ta kallo, sai a ce ina auna shi ne don in sata. Shi ya sa na jira aka tafi rawa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ga shi an faɗa ɗin."

"Ka shiga?" in ji Torika.

"Gwaggo, gidan Ratu babu kowa, in shiga? A bakin ƙofa na zauna."

"Yaushe ka tashi?"

"Da aka fara waƙa ta biyu. Yana nan lokacin, igiyar a naɗe a kansa."

"Ka ga wani?"

"Ban ga kowa ba." Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, na san ɗakin can na Suva. Na san warinsa. In na sake shiga ba zan fito da hankalina ba. Kuma wa zai riƙa kai wa tsohuwata ruwa?"

Torika ta dafa kansa, abin da ba a yi wa babban mutum a garinmu sai in uwa ce. "Yau da yamma kai za ka kai mata. Ka ci abinci?"

Da muka fito na ce, "Kin yi masa alkawari babba."

"Na saba."

*

Ban taɓa hawa Balbela ba sai ran nan. Da isarmu wani saurayi ya miƙa mana ƙananan tawul masu sanyi a kan faranti. Torika ta goge fuska, ta goge wuya, ta sunkuya ta goge ƙafafu, ta mayar masa. Kyaftin ɗin, wani dogon mutumin tsibirin Kadavu mai furfura, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce ba zai bincike ɗakin baƙo ba, aikinsa zai tafi a kan haka, amma akwai wanda tun safe bakinsa bai bar zancen akushin ba, kuma yana iya tambayarsa ko zai gan mu.

Mista Prentis tsohon baƙo ne daga birnin Adelaide, yana zaune a ƙarƙashin rumfa da kofin lemo mai ƙanƙara. Ni na yi tafinta. Kafin in gama gaisuwa Torika ta riga ta kalli ƙafafunsa da sandar da ke jingine a kujerarsa.

"Ƙafarsa kamar ta 'yar aji huɗu," ta ce min. "Kuma da ƙafa uku yake tafiya. Ba shi ba ne. Amma tambaye shi ko ya sa wani."

Na tambaya da ladabi. Tsohon ya yi ja har kunne, sannan ya yi dariya.

"In saci abin da na riga na saya? Da safiyar nan muka sha hannu da mai garinku. Wata mai zuwa za a kawo min shi, in takardu sun kammala. Ni ne aka yi wa sata, malam."

Na ji kamar jirgin ya karkata. Na fassara wa Torika a hankali, ina duban ko akwai mai jinmu. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta ɗauki wani ɗan biredi mai kifi daga farantin tsohon ta jefa a baki.

"Ratu ba ya jin Turanci," ta ce tana tauna. "Tambaye shi wa ya yi musu tafinta."

"Semesa mana," in ji Mista Prentis. "Yaron kirki. Sai dai yau kamar ba shi da lafiya, sau biyu ina maimaita masa magana."

Muna saukowa kan matakala sai ga Semesa ya dawo da masu iyo, farar rigarsa a goge, murmushinsa na aiki a fuska.

"Gwaggo Torika! Malam! Yau an yi rana, kun zo cin abincinmu?"

"Abincinku ba ya kaiwa ciki," in ji Torika. "Ka ji za a saka Vilikesa a jirginku?"

"Na ji wani abu kamar haka." Ya kalli ruwa. "Kawu zai huce. Kin san shi."

"Na san shi tun kafin a haifi uwarka. Ba zai huce ba." Ta kai hannu ta ɗan bubbuga kafaɗarsa ta dama, irin ta gaisuwa. Ya ja numfashi ta haƙora. "Ƙarfe uku a gidan Ratu. Ka zo da kyaftin da tsohon mai sanda."

A cikin kwale-kwale, da muka kusa gaɓa, na juya wajen Torika.

"Ban so ya zama shi ba," na ce.

"Ƙasa ba ta tambaye ka wanda kake so ba, Mai alli. Ni ma ba ta tambaye ni ba."

*

Ƙarfe uku gidan Ratu ya cika, waɗanda ba su sami wuri ba suka leƙo ta tagogi. Ratu Osea yana can sama, mazaunin manya, kyaftin da Mista Prentis a gefensa, Semesa a bayansu don tafinta. Vilikesa yana can ƙasa kusa da ƙofa tsakanin samarin biyu, an riga an ɗaure masa kayansa a buhu. Torika ta yi tafi, ta nemi izinin magana, aka ba ta.

"Ratu, zan faɗi abin da ƙasa ta faɗa min, a jere, kamar yadda Malam ke so. Vilikesa ya zo ƙofar ƙasa, ya zauna, ya tafi hannu wofi. Waisale ya auna da yatsansa. Ko ba haka ba, Waisale?"

"Haka ne," in ji Waisale, yana kallon tabarma.

"Wanda ya ɗauki akushin takalmin jirgi ne a ƙafarsa. Sai aka ce baƙo ne. To ina da tambaya ga 'yan garin nan. Idan ka ɗauko kaya daga gona, ka iso mangwaron makaranta, me kake yi?"

"Ka sauke daga kafaɗa," in ji wata tsohuwa daga taga. "Wa ke ratsa gari da kaya a kafaɗa a gaban Ratu da kakanni?"

"Idan za ka fita kuma?"

"Ka riƙe a hannu sai ka wuce mangwaron."

"Haka mutumin nan ya yi. Taku ɗari uku yana rungume da nauyin da ya kusa karya masa baya, yana sauri, yana tsoro, bai ɗora a kafaɗa ba sai da ya bar gari. Baƙi an gaya musu su cire hula, su cire takalmi a ƙofa. Babu wanda ya gaya musu wannan. Ba a gaya wa mutum wannan, da shi ake tashi. Mutumin nan ɗan ƙasar nan ne."

Waisale ya ɗago. "To ai mun dawo kan Vilikesa. Ya ari takalmi."

"Kai za ka iya bin ƙofar Ratu, Waisale? Ko babu mai ganinka? Ko gobara ake yi?"

Waisale ya girgiza kai. Torika ta ci gaba.

"Vilikesa ko ƙofar talakawa ya kasa shiga don babu kowa a gidan. Amma wannan, da ladabinsa ya hana shi ɗaga kaya a kafaɗa, ya shiga ta ƙofar Ratu ya fita ta ita, ƙafarsa ba ta yi ko shakka a kan dutsen ba. Ba raini ba ne. Ƙofarsa ce. Tun yana rarrafe ta nan yake shiga, bai ma san ya bi ta ba. Mutum biyu ne a duniya ke da wannan ƙofar. Ɗaya yana zaune a bakin teku yana kallon rawa, gari duka ya gan shi."

Ta zaro ganyen daga gashinta ta ajiye a kan tabarma. Ba ta kalli kowa ba.

"Zan iya auna ƙafafu. Na fi so in ji daga baki."

Mista Prentis ya juya yana jiran fassara, bai samu ba. Semesa ya matso gaba da gwiwoyi har ya fuskanci kawunsa.

"Ni ne, Kawu. Yana ɗakina a jirgi, cikin kwandon tawul."

Gidan ya ɗauki hayaniya. Ratu ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Kai? Me na hana ka a gidan nan?"

"Ba ka hana ni komai ba." Semesa ya ɗago kai. "Da bakina na fassara cinikin da safe. Ni na ce masa ka yarda. Na koma wajen rawa ina kallon yara, na ce waɗannan a gaban me za a naɗa nasu mai garin? A cikin gilashi zai ƙare a falon wani, ba wanda zai sake dama komai a cikinsa. Na kasa."

Wannan karon babu hayaniya. Mutane suka kalli Ratu, suka kau da ido. Tsohon ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Teku ta ci kabari huɗu bana," ya ce a ƙarshe. "Na mahaifina ne na gaba, ku duka kun gani. Ganuwa nake so in gina da kuɗin, ta tare ruwa. Na ce itace ne, ƙasusuwa sun fi shi. Ban shawarci kowa ba, domin na san abin da za ku ce." Ya sauke kai. "Da na shawarta."

Na ɗauka an gama. Torika ba ta gama ba.

"Semesa, dube ni. Kai vasu ne. Da ka shigo da rana tsaka, ka yi tafi, ka ce na ɗauka, babu mai hana ka, ko Ratu. Haka ka yi da laima. Me ya sa ba ka yi da akushi ba?"

"Ban so in kunyata Kawu a gaban baƙo ba. Kuma aikina, Gwaggo. Mai saye baƙonmu ne. Na yi niyyar in dawo da shi wata mai zuwa, bayan ya koma ƙasarsu."

"Wata mai zuwa. Shi kuma wancan a ina zai yi watan?" Ta nuna Vilikesa da haɓa. "Tun rana ka sani. Ka kare fuskar kawunka, ka kare farar rigarka, ka bar mai yatsa huɗu ya biya. Abin da vasu ya ɗauka a fili nasa ne. Abin da ya ɗauka a ɓoye sunansa sata, ko a gidan wa aka haife shi."

Semesa ya yi tafi, ya tashi ya fita.

Kyaftin ya duba agogo. Ni na fassara wa Mista Prentis duk abin da ya faru, ban rage ba. Ya juya sandarsa a hannu, ya ce shi dai da gaskiya ya saya, amma ba zai so abin da aka yi kuka a kansa ba. Bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba.

Uku da rabi da minti biyar muka ga Semesa ya taho daga bakin teku, akushin a rungume a gabansa, yana tafiyar agwagwa, farar rigar ta jiƙe da gumi. Ya shigo ta ƙofar Ratu, ya ajiye shi a wurinsa, ya warware igiyar wurin ya miƙe ta.

"Kawu, ga gari shaida. Ni vasu ne, na ɗauki akushin nan, nawa ne daga yau. A gidanka zan ajiye shi. Ba za a sayar ba sai da bakina."

"Ka ɗauka," in ji Ratu, kuma na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya. Waisale ya ce zancen ganuwa kuwa sai a kira taron gari ranar Litinin, akwai dutse a tsibirin nan, akwai hannuwa.

Semesa ya juya, ya ratsa tsawon gidan a kan gwiwoyinsa, har ƙasa inda Vilikesa yake. Ya ajiye damin saiwar yagona a gabansa, ya sunkuyar da kai, ya nemi gafara da kalmomin da aka saba. Vilikesa ya daɗe yana kallon damin. Har na fara tsoron zai ƙi, kuma da ya ƙi ba zan ga laifinsa ba. Sannan ya ɗora hannu a kai.

Jirgi ya yi ƙaho sau ɗaya. Kyaftin ya ce wa Semesa za su yi magana a cikin jirgi, ba gajera ba, amma akwai minti goma.

Aka dama yagona a cikin akushin. Mai rabo ya cika ƙoƙon farko, ya taho da shi a tsugune zuwa wajen Ratu, kamar yadda ake yi tun kafin a haifi kowa a gidan. Ratu Osea bai miƙa hannu ba.

"Kai ƙasa," ya ce. "Kai wa masassaƙi."

Mai rabon ya tsaya, ya kalli Waisale, ya kalli dattawa. Babu wanda ya taɓa ganin ƙoƙon farko ya gangara ƙofar talakawa. Ya juya ya ratsa gidan da shi. Vilikesa ya yi tafi ɗaya, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye. Gidan duka ya yi masa tafi uku, Ratu a ciki.

Da Balbela ta wuce mashigar murjani, ni da Torika muna tsaye a gindin mangwaro. Vilikesa ya zo wucewa da bokiti biyu na ruwa, zai kai wa tsohuwarsa. Ya tsaya a kan ramukan nan takwas da ke yashi, ya ajiye bokitan, ya tsuguna yana auna tazararsu da tafin hannu.

"Malam," ya ce, bai ɗago ba, "ashe ta waje tsoffin suka karkata ƙafafun."